Murar hunturu da dattijon da aka yi wa dashen ƙoda

Duk wanda ya san Tungar Daji ya san abin da dalma ta yi mata. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a tsakar gida. Sama da yara 400 suka rasu, aka kuma kankare ƙasar ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Yargalma da ita Tungar Daji. Hankalin kowa ya tafi kan yara, kuma daidai ne. Sai dai manyan da suka daka dutsen su ma sun shaƙi ƙurar. Dalma kan kwanta a ƙashi shekara da shekaru, tana ta da hawan jini, tana cin ƙoda a hankali. Shi ya sa nake ganin zancen wankin ƙoda da dashenta ya shafi mutanen yammacin Zamfara kai tsaye.

Dashen ma ya matso kusa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara shi tun 2002, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato kuma ya yi na farko a 2025. Dattijo kan dawo gida da ƙodar ɗansa ko ƙaninsa, a yi ta barka, a ɗauka an gama. Alhali daga ranar ne zai riƙa shan magungunan danne garkuwar jiki, takrolimus da maikofenolet da firednisolon, har ƙarshen rayuwarsa, don kada jiki ya ƙi baƙuwar ƙodar. Garkuwar da aka danne ita ce dai mai yaƙar ƙwayoyin mura. Ga tsufa ya riga ya raunana ta, ga sau da yawa ciwon suga ko na zuciya.

Saboda haka murar da jika zai yi kwana uku da ita ya warke, a jikin kakansa tana iya gangarawa huhu. Ƙwayar infuluwenza, da ta korona, da wata da likitoci ke kira RSV, wadda aka daɗe ana ɗauka cutar jarirai ce, duk suna yin haka. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ciwon ke ɓuya. Firednisolon na iya hana zazzaɓi fitowa, sai ka ga mutum jikinsa ba zafi, kasala kawai da ƙin abinci da ɗan ruɗewa, a ce ai murar hunturu ce, ƙura ce. Kafin a farga numfashi ya sarƙe, wasu ƙwayoyin sun sake hawa kan huhun, ita kuma ƙodar ta fara gazawa saboda ƙarancin ruwa a jiki. Mutanen Kano ba su manta da watan Afrilun 2020 ba, lokacin da aka yi ta jana'izar dattawa. A farkon annobar korona, rahotannin asibitocin Amurka da Turai sun nuna cewa cikin masu dashen ƙoda da aka kwantar, wajen ɗaya cikin huɗu ko biyar bai tashi ba.

Kemis shi ne wuri na farko da mutanenmu ke nufa, kuma nan haɗarin yake. Diklofenak da ibufurofen da ake bayarwa don ciwon jiki suna cutar da ƙoda. Eritiromaisin da kilaritiromaisin, da ake ba mai tari, suna sa takrolimus ya taru a jini har ya zama guba. Rifamfisin na tarin fuka kuwa rage shi yake yi, har jiki ya juya wa ƙodar baya. Ko Paxlovid, maganin korona, yana ta da takrolimus sama sosai in ba likita ya daidaita ba. Mai kemis ba mugu ba ne, bai san wanda ke gabansa ba ne in ba a faɗa masa ba. Haka jiƙe-jiƙen da ’yan uwa ke kawowa da kyakkyawar niyya, su ma suna da haɗari. Idan ciwo ya tsananta likitoci kan rage maikofenolet ko su dakatar da shi na ɗan lokaci, amma wannan hukuncin likitan ƙoda ne, marar lafiya bai isa ya yanke shi a ɗakinsa ba.

Maganin infuluwenza, oseltamibir, ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48. Ka auna wannan da hanyar Anka zuwa Gusau, wadda matsalar ’yan bindiga ta sa ba a bin ta kowane lokaci, balle a kai Kano. Dole iyali su shirya tun lafiya lau: lambar wayar likita a rubuce, takardar sunayen magunguna a aljihu, da ’yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini. In ta nuna ƙasa da 92, ko fitsari ya ragu, ko amai ya hana magani zama, a nemi mota a ranar.

Allurar infuluwenza ta shekara-shekara da ta korona da ta namoniya duk sun dace da mai dashen ƙoda, an kuma amince da ta RSV ga ’yan shekara 60 zuwa sama a Amurka a 2023. Wadda ke ɗauke da ƙwaya mai rai, kamar ta shawara, ba a yi masa, abin da maniyyaci da mai tafiya ƙetare ya kamata su sani.

Sai maganar dubiya, wadda ta fi nauyin faɗa. Zumunci ne a cika ɗakin marar lafiya, a yi musabaha, a ɗora masa jika a cinya. Ina roƙon mai tari ko majina ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce “Baba, ya jiki?”, ya yi addu'arsa daga nan. Shi kuma dattijon ya sa takunkumi a sahun Juma'a da zaman makoki, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu.