Madubin Zafi: Yadda Maharbin Dare Ke Ganin Dabba a Cikin Duhu

Gabatarwa

Tun fil azal babbar matsalar maharbin dare ita ce dabbar da yake nema ta fi shi gani a duhu. Da cocila ta zo, sai maharba suka riƙa ɗaura ta a goshi suna neman ƙyallin idon nama. Wannan ƙyalli yana fitowa ne daga wata shimfiɗa mai sheƙi da ke can ƙuryar idon dabbobi irin su barewa da kura da kyanwa, wadda ke mayar da hasken da ya shiga. To amma cocila tana tona asirin mai ita. A yau akwai wata na'ura da ake ɗorawa a kan bindiga, wadda ba ta buƙatar fitila ko farin wata, domin zafin jikin dabbar take gani. Ita ce madubin zafi. Wannan maƙala za ta bayyana yadda yake aiki, da abubuwan da ake dubawa wajen zaɓensa, da kuma haɗarin da ke tattare da jahiltarsa.

Hasken da ido ba ya gani

A shekarar 1800 wani masanin taurari da ke zaune a Ingila, mai suna Wiliyam Hashel, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rabu zuwa launukan bakan gizo. Ya sa ma'aunin zafi a kan kowane launi, sa'annan ya matsar da shi gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai. Abin mamaki, a nan ne ma'aunin ya fi hawa. Ta haka aka gano wani haske ɓoyayye, wanda za a iya kira hasken bayan ja. Malami na iya maimaita wannan gwaji da ɗalibansa a ranar da babu hazo.

Haske yana tafiya ne igiya-igiya, kuma ana auna tsawon igiyarsa da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na mita. Idon ɗan Adam yana ganin abin da ke tsakanin 0.4 da 0.7 kawai. Kowane abu, hatta ƙanƙara, yana fitar da hasken bayan ja gwargwadon zafinsa. Fatar dabba mai shayarwa ta fi fitar da shi a wajen maikiromita 9 zuwa 10, shi ya sa ake ƙera madubin zafi domin ya kama abin da ke tsakanin 8 da 14. Ya kamata a bambanta shi da madubin dare mai koren hoto, wanda aikinsa ninninka ɗan hasken wata da taurari ne, kuma idan duhu ya cika sai an taimaka masa da fitila ta musamman.

Macizai sun riga ɗan Adam

Wannan fasaha tsohuwa ce a cikin halittu. Macijin nan na Amurka mai kacau-kacau a wutsiya yana da ɗan rami tsakanin ido da hanci a kowane gefe. A cikin ramin akwai siririn tantani cike da jijiyoyi. Idan ɓera ya gifta, ɗumin jikinsa yana ɗumama tantanin, jijiyoyin su kai saƙo ƙwaƙwalwa, inda ake haɗa shi da abin da ido ya gani. A shekarar 2010 masana a ɗakin binciken Debid Juliyas na Jami'ar Kalifoniya suka nuna cewa wani sinadarin furotin mai suna TRPA1 ne ke wannan aiki. Mesar da ke dazuzzukan Afirka ita ma tana da irin waɗannan ramuka a leɓɓanta, amma kasa da kububuwa ba su da su.

Abin da ke cikin na'urar

Madubin zafi ya kasu kashi uku. Na farko ƙwayar gaba, mai tattara hasken. Ba a yin ta da gilashin da aka saba, saboda gilashi yana tare irin wannan haske. Ana yin ta galibi da wani ma'adini mai tsada da ake kira jamaniyom. Na biyu faranti mai jin zafi, wanda ke ɗauke da dubban ƙananan ɗigogi. Idan haske ya sauka kan ɗigo sai ya ɗan ɗumama, yadda yake barin lantarki ya ratsa shi ya sauya. Aikinsa ke nan kusan ɗaya da na tantanin maciji. Kamfanin Honeywell ya yi aikin irin wannan faranti ga sojan Amurka a shekarun 1980, aka buɗe sirrinsa a 1992. Na uku ƙaramin allo, inda kwamfutar ciki ke mayar da bambancin zafi zuwa hoto: mai ɗumi ya fito fari, mai sanyi baƙi, ko akasin haka idan mai shi ya so.

Inda aka fi amfani da shi

Babbar kasuwar wannan madubi tana kudancin Amurka, musamman jihar Tekzas, saboda aladun daji. Sifaniyawa ne suka kai aladu ƙasar a ƙarni na 16, wasu suka tsere suka koma daji. Ma'aikatar gona ta Amurka ta ƙiyasta cewa sun kai kimanin miliyan 6 a jihohi wajen 35, kuma a 2014 ta buɗe shiri na ƙasa baki ɗaya domin rage ɓarnarsu. Suna tone gonakin masara da gyaɗa a dare guda, suna gurɓata ruwa, suna yaɗa cututtuka ga dabbobin gida. Mace takan haifi 'ya'ya 5 ko 6 a ciki ɗaya, wani lokaci sau biyu a shekara. Masana a Tekzas sun ƙiyasta cewa sai an kawar da kusan kashi biyu cikin uku nasu kowace shekara kafin yawansu ya tsaya inda yake. Tun da yake sun fi fita da dare, manoma suka koma ga madubin zafi, kuma a 2019 jihar ta ɗage sharaɗin lasisin farauta ga mai harbinsu a gonar da mai ita ya ba da izini.

Abubuwan da ake dubawa wajen zaɓe

1. Yawan ɗigogin faranti. An fi samun 256 sau 192, da 384 sau 288, da 640 sau 512. Na tsakiya yana da ɗigo 110,592, na ƙarshe 327,680, wato kusan ninki uku. Muhimmancin wannan yana bayyana idan aka zuƙo hoto, domin zuƙowar na'urar ba ta ƙara sabon bayani, ɗigogin da ke akwai kawai take kumburawa. Ƙaramin faranti yakan dagule nan da nan.

2. Tsawon ƙwayar gaba. Ana rubuta shi da milimita, kamar 25 ko 35 ko 50. Doguwar ƙwaya tana kawo nesa kusa, amma tana tsuke fagen gani. Alal misali, faranti mai ɗigo 384 a kwance, kowane ɗigo maikiromita 12, faɗinsa milimita 4.6 ne. Da ƙwaya mai 35, maharbi zai ga fili mai faɗin mita 13 a nisan mita 100. Da mai 50, mita 9 kacal. Don haka mai farauta a kurmi ya fi buƙatar gajeriyar ƙwaya, mai tsaron buɗaɗɗiyar gona kuwa doguwa.

3. Kaifin jin zafi. Shi ne mafi ƙanƙantar bambancin zafi da farantin ke iya rarrabewa, ana kuma auna shi da milikelbin. Mai lamba 25 yana gane bambancin kashi 25 cikin 1,000 na digiri ɗaya. A nan ƙaramar lamba ita ce mai kyau, kuma amfaninta ya fi fitowa a daren da aka yi ruwa ko raɓa, lokacin da komai ya kusa zama zafi ɗaya.

4. Saurin hoto da ƙarfin jiki. Madubin da ke sabunta hoto sau 50 ko 60 a daƙiƙa yana nuna dabba mai gudu sumul, mai sau 9 kuwa hotonsa tsalle-tsalle yake yi. Haka nan ana duba ko batirin na iya cirewa a canza a daji, da ko madubin zai jure naushin bindigar ba tare da saitinsa ya goce ba.

Hange daban, ganewa daban

Wannan shi ne mafi muhimmanci, kuma shi ne masu saye suka fi yi wa gurguwar fahimta. Nisan da kamfanoni ke rubutawa da manyan baƙaƙe nisan hange ne, wato inda za a ga akwai wani abu mai ɗumi. A shekarar 1958 wani masani na sojan Amurka, Jon Jonson, ya fitar da ƙa'idar da ake bi har yanzu: ana buƙatar kimanin ɗigo 2 a kan abu kafin a hango shi, 8 kafin a gane irinsa, 13 kafin a tantance shi. Ko a hakan ma, ƙa'idar tana nufin mai duba zai dace ne sau ɗaya cikin biyu.

Bari a gwada da madubin da aka ambata, mai ƙwaya 35. A nisan mita 100 kowane ɗigo yana rufe santimita 3.4. Alade mai tsayin santimita 75 za a hango shi daga mita 1,100, a gane mai ƙafa huɗu ne daga mita 270, amma ba za a tantance shi ba sai a wajen mita 170. Tsakanin waɗannan, ɗan maraƙi da kare da mutumin da ya durƙusa duk farin dunƙule ɗaya ne a kan allo. Harsashi kuwa idan ya fita ba ya dawowa. Saboda haka ƙwararru kan leƙa daji da ƙaramin madubin hannu, ba su ɗaga bindiga sai sun tabbatar da abin da ke gabansu da abin da ke bayansa.

Iyakar madubin

Ilimin halittu yana bayyana yawancin gazawar na'urar. Dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye suna samar da zafinsu daga ciki, shi ya sa suke haskawa. Kada da damo da maciji kuwa zafinsu yana bin na muhalli, da wuya su fito sarai. Gashi mai kauri yana riƙe ɗumi, sai ya zama fuska da kunnuwa da ƙafafu ne suka fi haske. Madubin ba ya ratsa bango ko gilashin mota ko duhuwar ganye. A ƙasashe masu zafi, duwatsu da tururuwar ƙasa da suka sha rana sukan ci gaba da haskawa bayan magariba, har dutse ya yi kama da dabba a kwance.

Kammalawa

Na'urar da ke ceton gonar manomi a Tekzas ita ce kuma ke iya ƙarar da namun daji idan ta faɗa hannun ɓarayin farauta, domin duhu ne mafakar dabba ta ƙarshe. Aladen dajin Amurka baƙo ne mai saurin haihuwa. Giwa kuwa tana ɗaukar ciki wata 22 ta haifi ɗa guda, kuma garken da ya rage a gandun Yankari, wanda aka keɓe tun 1956, yana cikin na ƙarshe a Nijeriya. Dokar ƙasa ta 1985 ta haramta farautar dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. A ɗaya ɓangaren, tun 2016 masu gadin dajin Masai Mara na Kenya suke amfani da kyamarorin zafi wajen kama ɓarayin farauta da dare, masu bincike kuma suna ƙirga dabbobi da su daga sama. Ɗalibin da ya fahimci gwajin Hashel da ramin maciji da lissafin ɗigo ya riƙe ilimin da ake buƙata a duk waɗannan ayyuka, kuma gandayen dajin Afirka suna da buƙatar masu gadi da masu bincike da suka san shi.