Gehlaur: Ƙauyen da Mutum Ɗaya Ya Fasa Wa Dutse

Ta hanyar fim na fara jin sunan Gehlaur, kamar yadda da yawanmu muka san Indiya. A shekarar 2015 aka fitar da fim kan rayuwar Dashrath Manjhi, Nawazuddin Siddiqui ya fito a matsayinsa. Da na gama kallo sai na ɗauka ƙarin gishirin masu fim ne. Ashe abin ya faru.

Gehlaur ƙaramin ƙauye ne a gundumar Gaya ta jihar Bihar. Kada hankalin mai karatu ya tafi Gayarmu ta Kano, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wani dogon tsauni ya tokare tsakanin ƙauyen da garin Wazirganj, inda likita da kasuwa suke. Mai son zuwa can, ko dai ya hau dutsen ta wata siririyar hanya mai haɗari, ko ya yi zagaye mai nisa. A 1959 matar Manjhi, Falguni Devi, ta rasu. Yadda ake ba da labarin, zamewa ta yi a kan dutsen ta ji rauni, ba a samu kai ta wurin likita a kan lokaci ba.

Manjhi lebura ne daga al'ummar Musahar, waɗanda tsarin bambancin asali na Indiya ya ajiye a can ƙasa. Bai da wanda zai kai wa kuka. A 1960 ya ɗauki guduma da ƙarfen sara ya tunkari tsaunin, mutane na ce masa mahaukaci. Sai a 1982 ya ajiye guduma, bayan shekara 22, ya fasa hanya mai tsawon mita 110 da faɗin kusan mita 9. Tafiyar da ke tsakanin yankin Atri da Wazirganj ta ragu daga kilomita 55 zuwa 15.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo ne daga baya. A ranar 25 ga Disamba, 2000, gwamnatin Atal Bihari Vajpayee ta ƙaddamar da shirin hanyoyin karkara da ake kira PMGSY, don haɗa ƙauyuka da titin da mota za ta bi rani da damina. Ma'aunin da shirin ya fara aiki da shi yawan jama'a ne bisa ƙidayar 2001: mazauni mai mutum 500 zuwa sama a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ko 250 a jihohin tsaunuka da hamada da yankunan ƙabilu.

Na yaba da wannan ma'auni, domin ya rage wa ɗan siyasa damar karkatar da titi zuwa ƙofar gidan surukinsa. Lamba ba ta san ɗan wane ba. Amma ita lambar ba ta san naƙuda ba. Unguwar da ke da mutum 480 tana da mata masu ciki kamar mai 520. Ga kuma wani tarko: inda babu hanya matasa kan kwashe su tafi birni neman abinci, shi kansa Manjhi ya taɓa barin gida ya yi aiki a mahaƙar kwal ta Dhanbad. Ƙauye na raguwa saboda rashin titi, sannan a hana shi titi saboda ya yi kaɗan.

Manjhi ya rasu a watan Agusta na 2007 a wani asibiti a Delhi. Gwamnatin Bihar ta yi masa jana'izar girmamawa, a 2016 kuma hukumar gidan waya ta buga hotonsa a kan sarki. Kwaltar da aka zuba a kan hanyarsa sai bayan rasuwarsa ta iso, bai taka ta ba.