Sunan da Mutanen Antakiya Suka Laƙaba wa Mabiyan Almasihu

Sau uku kacal kalmar Kirista ta fito a dukkan Sabon Alkawari, kuma babu inda aka ruwaito ta daga bakin Yesu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa. Mabiyansa na farko suna kiran junansu almajirai, ko 'yan'uwa, ko masu bin Hanya. Sunan da ya game duniya yau, ga dukkan alamu, mutanen waje ne suka laƙaba musu.

A Antakiya abin ya faru, birnin da yanzu yake lardin Hatay a kudancin Turkiyya, inda girgizar ƙasar Fabrairun 2023 ta yi mummunar ɓarna. A zamanin Rumawa shi ne na uku a girma bayan Roma da Iskandariya. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin cewa bayan an jejjefe Istifanus a Urushalima mabiya suka watse, wasu mutanen Kubrus da Kurane suka isa Antakiya suka fara yi wa Girkawa wa'azi. Jama'a ta yi yawa, har Barnaba ya je Tarsus ya ɗauko Shawulu, wato Bulus, suka shekara suna koyarwa. A sura ta 11, aya ta 26, aka ce a nan ne aka fara kiran almajiran Kirista.

Ba banza ba ya zama Antakiya. Muddin duk mabiyan Yahudawa ne, mutumin gari kallon wata ɗariƙar Yahudawa yake musu. Amma da aka ga Bayahude da Bagirke suna cin abinci tare, suna ambaton mutum ɗaya ba dare ba rana, dole a nema musu suna.

Kristos a Girkanci na nufin wanda aka shafe da mai, daidai da Mashiyak na Ibrananci, wanda ya iso mana ta Larabci a matsayin Almasihu. Shafewar nan naɗi ce. Haka Annabi Sama'ila ya ɗauki ƙahon mai a Baitalami ya zuba wa Dawuda a tsakiyar 'yan'uwansa, alamar Allah ya zaɓe shi sarki. Sai dai ɗan kasuwar Antakiya bai san wannan tarihi ba. A kunnensa Kristos sunan wani mutum ne kawai, don haka aka manna masa ɗafin Latin da ake yi wa magoya bayan wani babba, kamar yadda mu ke cewa Ƙadirawa ga mabiyan Shehu Abdulƙadir. Ma'anar ke nan: mutanen Kristos.

Sauran wurare biyun da kalmar ta fito a Sabon Alkawari ma ba na yabo ba ne. A sura ta 26 ta Ayyukan Manzanni, Sarki Agaribas ne ya furta kalmar a Kaisariya lokacin da Bulus ke kare kansa, cikin salon da masu sharhi da yawa ke ɗauka shaguɓe ne. Wasiƙar Bitrus ta fari kuwa tana ƙarfafa wanda ake wahalarwa saboda sunan kada ya ji kunya.

Sunan ya kai ga zama tuhuma a gaban alƙali. Marubucin tarihi Tasitus ya ce bayan gobarar Roma ta shekara ta 64, Sarki Nero ya ɗora laifin a kan waɗanda talakawa ke kira da wannan suna. Wajen shekara ta 112, Filini, gwamnan Bitiniya, ya rubuta wa Sarki Tarajan yadda yake yi: zai tambayi mutum har sau uku ko shi Kirista ne, in ya dage a kashe shi. Wanda ya musa kuwa sai ya miƙa turare da ruwan inabi a gaban gunkin sarki, ya kuma zagi Almasihu, kafin a sake shi. A wannan zamanin ne Ignatiyus, bishop na Antakiyar dai, yake rubuta sunan da alfahari a hanyarsa ta zuwa Roma inda za a kashe shi.

Yahudawan da ba su yarda Yesu ne Almasihu ba da wuya su yi amfani da wannan laƙabi, don yin haka tamkar amincewa ce. Su da garinsa Nazarat suka danganta mabiyan, kamar yadda lauya Tartulus ya yi a ƙarar Bulus. Masana da dama na ganin nan ne tushen Nasara da ke cikin Alƙur'ani, kalmar da Hausawa suka faɗaɗa har ta zama sunan Turawan mulkin mallaka.