"Ni Ba Ni Da Kai": Maganar Da Ke Hana Mu Koyo

'Yan'uwa, a ƙungiyoyinmu na manoma, daga Kawo zuwa Malali da Unguwan Rimi, in aka zo zaɓen mai riƙe littafin kuɗi sai kowa ya sunkuyar da kai. Wannan ya ce shi ba shi da kai, wancan ya ce ƙwaƙwalwarsa ta tsufa. Sai a bar wa mutum ɗaya littafin shekara da shekaru. Ran da kuɗin taki ya ɓace, ba mai iya duba inda ya bi.

Amma mai cewa ba shi da kai, shi ne ke sayar da tumatir kwando goma a kasuwar Kawo, ya fid da kuɗin mota da na 'yan dako, bai taɓa alƙalami ba. Lissafi ne wannan. Rubutawa kaɗai ba a koya masa ba.

A 1998 wata malama a Amurka, Carol Dweck, da abokiyar aikinta suka gwada yara 'yan wajen shekara 10. Bayan aiki na fari, aka ce wa waɗansu, kuna da basira, waɗansu kuwa aka ce, kun yi ƙoƙari. Da aka ba su zaɓi, yawancin waɗanda aka yaba wa basira suka ɗauki aiki mai sauƙi don gudun kunya, da suka gamu da mai wuya kuma suka karaya. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari suka dage. Dalili shi ne, wanda ya ɗauka basira rabo ce da ba ta ƙaruwa, kowane kuskure shaida ne gare shi cewa shi daƙiƙi ne. Binciken baya ya nuna sake tunani kaɗai ba ya isa, sai da malami mai haƙuri da lokaci.

Mun ga haka a ƙasar nan. A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa, mai hedkwata a Kaduna, ta ta da Yaƙi da Jahilci, magidanta masu furfura suka zauna aji suka koyi karatu da ƙidaya.

Saboda haka a taro mai zuwa, magatakarda ya buɗe littafin a gaban kowa, a karanta shafi ɗaya tare. Wanda ya yi kuskure kada a yi masa dariya. A nuna masa layin da ya tsallake, ya sake.