Kamshaf da Sifirin: Darasin da Injin Fijo 504 Ya Koya Mini

Duk wanda ya bi ta bayan wokshof ɗin sashenmu a zangon da ya wuce ya ga wata tsohuwar Fijo 504 an ɗage mata bonet. Ta kawuna ce. Aro ya ba ni in yi firojet ɗina na ƙarshe a kanta, da sharaɗin in mayar masa da ita tana tafiya. Saura ƙiris in kasa cika alkawarin nan, shi ya sa na ga ya dace 'yan uwa ɗalibai su ji inda na yi tuntuɓe.

504 ta fito a Faransa a 1968, aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975. Injinta mai lita biyu tsohon tsari ne: kamshaf ɗin a cikin gangar injin yake, yana tura tafet, tafet ya tura sanda, sanda ta ɗaga roka, roka ta danna bawul ya buɗe. Ƙarfinsa yana ƙarewa tun kafin ya kai zagaye 6,000 a minti. Ni kuma burina in sa shi ya ci gaba da ja har sama da haka.

Kamshaf sanda ce mai ƙusoshi kamar ƙwai. Tsawon ƙusan shi ke nuna yadda bawul zai buɗe da yawa, faɗinsa kuma shi ke nuna tsawon lokacin da zai zauna a buɗe. Idan inji na gudu sosai, lokacin shaƙar iska da mai yana raguwa, don haka ake sa kamshaf mai manyan ƙusoshi domin silinda ta samu ta cika. Wannan na gane shi tun a aji. Abin da ban ba muhimmanci ba shi ne, kamshaf buɗewa kawai yake yi. Rufewa aikin sifirin ne.

Mu yi ɗan lissafi. Kamshaf yana juyawa ne da rabin gudun karanshaf. Ke nan a zagaye 6,000, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Sannan ƙarfin da ake bukata a tsayar da bawul a dawo da shi yana ƙaruwa da gudu sau gudu: daga 5,000 zuwa 6,000 ƙarin kashi 20 ne cikin ɗari a gudu, amma kashi 44 ne a nauyin da ke kan sifirin. Kuma a irin wannan inji ba bawul kaɗai yake mayarwa ba, har da roka da sanda da tafet.

Ni kuwa sai na sa sabon kamshaf na bar sifirin ɗin da suka girme ni. Ranar gwaji na taka totur, inji ya hau lafiya, can sama sai ya fara shaƙewa yana wata ƙara kamar ana kaɗa cokula. Maimakon in saki, na ƙara takawa. Ƙwas! Da muka sauke kan silinda, bawul biyu sun lanƙwashe. Sifirin ya gaza, tafet ya rabu da ƙusan kamshaf, bawul ya yi jinkirin rufewa, fistin ya taso ya same shi a hanya. Tsohon bakaniken da na yi aikin koyon sana'a a garejinsa ya duba ya ce, "Ɗana, ka sayi ingarman doki ka ɗaura masa linzamin zare." Na ce, "Wallahi Baba, haka ne."

To amma kada wani ya ce shi ke nan, a nemo sifirin mafi tauri. Wanda ya yi tauri fiye da kima yana cinye ƙusoshin kamshaf da tafet, yana kuma cin ƙarfin injin. Wanda ya dace da kamshaf ɗin ake nema, kuma sai an auna. A karo na biyu na auna abu uku. Na farko, tsawon sifirin bayan an ɗaura shi, da ƙarfinsa a rufe da kuma a buɗe. Na biyu, idan bawul ya buɗe iyakarsa, dole zobban sifirin su rage da sarari kamar milimita 1.5 kafin su haɗe, in ba haka ba sanda ta lanƙwashe ko roka ta karye. Na uku, na manna laka mai laushi a kan fistin, na ɗaura kan silinda, na juya injin da hannu sau biyu, na sauke na auna kaurin lakar don in san tazarar bawul da fistin.

Sabon kamshaf kuma da sabbin tafet ake sa shi, don tsoffin sun riga sun ci daidai da tsohon. A tashin farko ba a barin sa a silo. Ana riƙe shi a wajen zagaye 2,000 zuwa 2,500 na kimanin minti ashirin, da baƙin mai mai sinadarin zinc, har ƙarfen ya zauna.

Motar ta tashi, kuma yanzu tana ja a sama yadda ba ta taɓa yi ba. Sai dai ba kyauta ba ne. Silonta ya zama mai rawa, tashi daga tsaye ya ɗan yi nauyi, sai da na sake saita kafireta. Kawu ya zagaya da ita cikin gari ya dawo ya ce, "Kai yaro, ni kasuwa nake zuwa da ita, ba tsere ba." Gaskiyarsa ce, domin kamshaf ba ya ƙara ƙarfi a ko'ina, matsar da shi yake yi daga ƙasa zuwa sama.

Don haka ƙannena masu shirin firojet a kan inji, kafin ku sayi komai ku tambayi kanku a wane gudu motar za ta yi rayuwarta. In kun taɓa kamshaf, ku taɓa sifirin, kuma ku auna kafin ku murza makulli. Kuɗin bawul biyu da gasket daga kuɗin abincina suka fita, na sha garin kwaki har ƙarshen wata.