Rumbu Kafin Jere: Tsarin Gida da Tattali a Ƙasar Paki

A ƙasar Paki da kewayenta, daga Ikara zuwa Makarfi har Hunkuyi da Kudan, akasarin magidanta ba su san albashin ƙarshen wata ba. Kuɗinsu a dunƙule yake zuwa: da kaka, in an girbe masara, dawa, shinkafa da waken suya, sai kuma da rani ga masu fadama, in rake, tumatir, albasa da barkono sun isa kasuwa. A lokacin kakar nan ne kuma aka fi sa ranakun aure, ake kai lefe, ake jere. Saboda haka 'yan makonnin da ke tsakanin Oktoba da Janairu su ne ke nuna yadda gida zai kwana har damina ta zagayo. Wanda ya yi lissafi a cikinsu ya huta. Wanda ya saki hannu kuwa, kafin Yuni zai fara aiken yaro awo da kwano a hannu.

A irin wannan ƙasa, maganar ƙawata ɗaki da maganar ci da sha abu guda ne, domin daga buhu ɗaya ake fitar da kuɗinsu. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suka tsara gida da tsari mai hikima, wanda ya kamata mu sake dubawa kafin ya ɓace mana.

Gidan da kowane abu ke da mazauninsa

Duk wanda ya shiga tsohon gidan manomi a ƙasar Zazzau zai ga cewa ba a aza komai da ka ba. Zaure na bakin hanya, nan maigida ke karɓar baƙi, nan yara ke karatun allo. Daga shi sai shigifa, wadda ke tsare mutuncin cikin gida daga idon mai wucewa. A tsakar gida ga turmi da taɓarya, ga randa a inuwa an rufe ta da faifai, ga murhu a kusurwar da hayaƙi ba zai cika ɗakuna ba, ga turken awaki can nesa da wurin girki. Ɗakin kowace mace nata ne, ita ke da iko da abin da ke cikinsa.

Adon ma daga ƙasar wurin ake samo shi. Mata na taruwa su yi daɓe suna waƙa, a shafe ƙasan ɗaki da makuba har ya yi santsi, a goge bango da farar ƙasa. Magina kuma su fitar da zanko a saman soro, su zana dagi a fuskar zaure. Wannan fasaha ce ta kai ƙololuwa a hannun Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin ƙarni na 19. Da tubali da azara ya yi aikin da masana gine-gine na duniya ke zuwa kallo har yau. Darasin a fili yake: kyau na fitowa ne daga gwaninta da kula, ko da kayan aikin ba su da tsada.

Amma zuciyar gidan ita ce rumbu. Akan ɗora shi a kan duwatsu don kada danshi da gara su taɓa shi, a yi masa jinka, a jera dammunan dawa da gero a ciki da zangarniyarsu. Akwai na zana, akwai rufewa ta laka. Abin da aka noma a gandu na kowa da kowa ne, maigida ne kaɗai ke buɗe shi ya fitar da awon rana. Abin da saurayi ko mace suka samu a gayauna kuwa nasu ne, da shi suke biyan ƙananan buƙatu. Da wannan rabon, kuɗin sha'awa ba ya taɓa abincin gida. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya zauna a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya tattara lissafin shige da ficen magidanta a littafinsa na 1955 kan tattalin arzikin Hausawan Zazzau. Matarsa Mary Smith kuma ta rubuta tarihin Baba ta Karo, wanda ya fito a 1954, inda tsohuwar ta bayyana yadda mata ke sana'a a cikin gida, suna tara abin aurar da 'ya'yansu sannu a hankali.

Jere a da, jere a yanzu

Ranar jere, gwaggonni da innonin amarya kan isa gidan ango tun da hantsi. A share, a shimfiɗa, a kafa gado, sannan a zo kan babban aiki: jera kwanuka tun daga ƙasa har kusa da rufi, babba a ƙasa, ƙarami a sama, launi na bin launi. Da can ƙore ne masu zane da akusa, daga baya tasoshi suka shigo, sai kwanukan samira da fanteka da kumbo, sannan tangaran a cikin kabad mai gilashi.

Waɗannan kwanuka ado ne, kuma ajiya ce. Mace kan saye su ɗaya bayan ɗaya da ribar ƙuli-ƙuli ko fura ko ɗinkin hula, tun 'yarta na goye. In rashin lafiya ya zo, ta ba dillaliya biyu ko uku ta sayar. In auren 'yar ya tashi, ta sauke rabi ta kai mata. Kayan suna daɗewa, suna da masaya, kuma shekaru aka ɗauka ana tara su, shi ya sa nauyinsu bai faɗa wa kaka ɗaya ba.

Yau lissafin ya juya. Kayan ɗaki sun koma saitin gado da sif da madubi, kujerun falo na zamani, labule, kafet, kuloli, firji da talabijin, kuma a cikin wata guda ake son a haɗa su duka. Da yawa daga katakon da ake yi da garin katako ba ya jure danshin damina biyu, in an tashi sayarwa kuma ko rabin kuɗinsa ba ya dawowa. Ana sayen firji a unguwar da wuta ba ta zama. Ana cusa kujeru a ɗakin da amarya za ta rasa inda za ta shimfiɗa darduma. Hotunan da ake gani a Facebook da TikTok sun mayar da jere gasa, uba kuma ya ji kunyar a ce ɗakin 'yarsa bai kai na 'yar maƙwabci ba.

Daga ina kuɗin ke fitowa? Daga buhunan da aka loda zuwa kasuwar mako ta Makarfi da sauran kasuwannin yankin, a daidai lokacin da kowa ke kawo nasa, farashi na ƙasa. In bai isa ba, a sayar da shanun huɗa, ko a jinginar da gona. Damina na faɗuwa sai a nemi bashin ba-da-kaka don sayen taki, kakar baɗi ma an riga an cinye ta ke nan.

Lissafin da ya kamata a fara yi

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane gida ya ji a jikinsa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. A 2025 kuma hatsi ya faɗi warwas alhali taki na nan da tsadarsa, manoma da dama suka rasa uwar kuɗinsu. Shekarun nan sun koya mana cewa farashi ba shi da amana ta kowane ɓangare. Don haka ajiyar da ake magana a kanta ta abincin iyali ce, ba ɓoye hatsi don jiran tsada ba, wanda addini ya yi hani da shi.

Lissafin ba shi da wuya. A fara da zakka: in amfanin gona ya kai nisabi, wato ausuƙi 5 ko sa'i 300, a fitar da kashi ɗaya cikin 10 na noman damina, ko ɗaya cikin 20 na wanda aka sha wahalar ban-ruwa. Sannan a auna cin gida. Iyalin da ke cin tiya ɗaya a rana na buƙatar tiya 365 a shekara. In buhu na ɗaukar tiya 40, buhu 9 ke nan da 'yan kai, sai a ƙara ɗaya saboda baƙi da suna da azumi. A ware iri. A ware abin da za a sayar don taki, kuɗin makaranta da magani. Abin da ya rage bayan wannan, shi ne na biki da ado. Ko shawarar da Annabi Yusuf (AS) ya ba mutanen Masar ke nan: a adana na shekarun yalwa a zangarniyarsa saboda shekarun ƙunci.

Ajiyar kuma a yi ta da kula. Zuba maganin ƙwari barkatai a cikin wake da masara guba ce ga iyali. Saboda irin wannan ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Akwai buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu ne a ciki da buhu a waje. In hatsin ya bushe sarai aka ɗaure kowace leda tam, ƙwaro na mutuwa don rashin iska, ba tare da ɗigon magani ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da malaman gona na kusa da mu, a tambaye su.

Hannun uwargida

Rabin tattalin gida a hannun mace yake. Ƙasar da ke noma tumatir har aka kafa masa masana'anta a Ikara bai kamata a ce gidajenta na rasa kayan miya da damina ba. Lokacin da kwando ke araha, uwargida ta yanka ta shanya a kan tabarma mai tsabta, nesa da ƙurar titi, ta yi kauɗa. Haka kuɓewa, barkono, kuka da daddawa, kowanne a mazubinsa mai murfi. Mutanen yankin ba su manta 2016 ba, shekarar da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. A irin wannan shekara ake gane darajar abin da aka shanya.

Adashi ma makami ne, in an san abin da za a yi da kwasa tun kafin a fara zubi. Wadda ta kwashi nata ta sayi tunkiya ko ta ƙara jarin awara ta ci riba. Wadda ta ƙarar da shi a ankon biki uku ta koma inda ta fito. A zaɓi uwar adashi mai amana, a rubuta zubin kowa a littafi. Uwar da ke da 'ya mace kuma ta farfaɗo da dabarar kakanni, ta riƙa sayen kayan ɗaki masu ƙarko kaɗan-kaɗan tun da wuri.

Shi kansa adon ɗaki, abin da ya fi fito da shi tsabta ce da sarari. A bar taga ta sha iska, a ɗaga buhuna a kan katako kada su taɓa ƙasa, a kafa ƙusa ko kanta don kowane abu ya sami wurinsa, a fitar da tarkacen da aka shekara ba a taɓa ba. Fenti ko farar ƙasa sau ɗaya a shekara, labule mai wankuwa, tabarma da faya-fayen saƙar gida, gado ɗaya na katakon kirki daga hannun kafintan gari: wannan ɗaki zai yi shekara goma yana ba da sha'awa.

Kira gare mu duka

Ba wanda ke cewa a kai amarya ɗaki fayau. Kayan ɗaki mutuncinta ne, kuma dukiyarta ce. Abin da ake nema shi ne daidai ruwa daidai tsaki. Iyaye maza, ku auna rumbu kafin ku je wurin kafinta. Iyaye mata da gwaggonni, ku daina auna darajar 'ya da yawan kujeru, dangin ango kuma su daina gori. Limamai, hakimai da dagatai na Paki, Ikara, Makarfi da Kudan, ku sa wannan magana a huɗuba da zaman unguwa tun kafin kaka ta kama, domin in manya suka sassauta, talaka zai samu bakin cewa iya ƙarfinsa ke nan. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa wa gidajenmu wadata da rufin asiri.