Yadda Ake Saita Kyamara Don Ɗaukar Gine-ginen Mai Wurno

Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sennar, ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da aka kashe a Burmi a 1903. Mai son ɗaukar hoton masallatai da gidajen ƙasa a nan, ko a ƙauyukan Hausawa na Jazira, babbar matsalarsa ita ce rana.

Abu uku ke auna haske: ISO, faɗin ƙofar haske, da saurin ƙiftawar kyamara. Da tsakar rana, a bar ISO a 100, ƙofa a f/8, ƙiftawa a 1/400 na daƙiƙa. Ƙofar f/8 na fitar da bango da hasumiya tas a lokaci guda.

Farin bangon masallaci yakan ruɗi kyamara. Sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta mai da fari toka-toka. Maganinsa a ƙara haske da +1. Bangon ƙasa kuwa bai cika kyau da azahar ba. Hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ke bugunsa ta gefe, shi ke fito da sawun hannun magini.

Cikin zaure da duhu, a ɗora kyamara kan mazauninta mai ƙafa uku, a rage saurin ƙiftawa.

A nemi izinin maigida kafin a ɗauka. Madatsar ruwan Sennar da gadoji kuwa, kada a nuna musu kyamara sai da izinin hukuma.